KYAMARA A BASHI KO KYAMARA DA KUƊIN TARI: LISSAFIN ƊAN DANTCHIAO

A ƙasar Dantchiao, can kudancin jahar Damagaram inda gundumar Magariya ta yi iyaka da Najeriya, ba a rasa hidimar da ake son a ajiye hotonta: ɗaurin aure, suna, saukar karatu, kokowar kaka, ko taron ƙungiyar manoma. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in saurayi ya duba ya ga cewa ɗaukar hoto sana'a ce da za ta hana shi tafiya cin rani, ko malamin lakwal ya yi tunanin zai ƙara da ita bisa albashinsa. Abin da ke tsayar da su duka biyu shi ne kuɗin kayan aiki. Kyamarar zamani, wadda ba a sa mata fim, tana cin kuɗin buhunan gero masu yawa. Daga nan sai shawara ta rabu biyu. Wani ya ce a karɓo ta hannun ɗan kasuwa a Damagaram ko Kano a riƙa biya wata-wata. Wani ya ce a yi haƙuri a tara kuɗin tukuna, a saya hannu da hannu.

Mutane sun saba yanke wannan magana da hali. Mai tsoron bashi ya ce kayan aro ba ya rufe katara, mai ƙarfin zuciya ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, amma karin magana ba ta biyan kuɗin ƙarshen wata. Abin da ake bukata shi ne alƙalami da takarda, kuma duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci yana iya yin wannan lissafi da kansa.

Kafin lissafin, ya kyautu a san irin kayan da ake magana a kai. Manya suna tune da zamanin fim, lokacin da mai hoto zai ɗauki hotuna 36, ya naɗe fim ɗin, ya aika birni a wanke, jama'a su yi kwanaki suna jira, wani lokaci a dawo a ce ya ƙone. A shekarar 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, ya haɗa kyamara ta farko mai ajiye hoto cikin lambobi. Nauyinta ya kusa kilo 4, hotonta baƙi da fari ne, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya bisa kaset. Daga wannan abu mai kama da wasa aka kai ga ranar da fim ya faɗi, har kamfanin Kodak da kansa ya kai kukan karayar jari gaban kotu a watan Janairu na 2012. Sai dai ita ma sabuwar kyamarar ba ta daɗe bisa gado ba. Ƙungiyar masana'antun kyamara ta ƙasar Japan, wadda ake kira CIPA, ta ƙidaya cewa a 2010 kamfanoninta sun fitar da kyamara wajen miliyan 121. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Wayar salula ce ta cinye kasuwar, domin yau kowace babbar waya tana da nata idon.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye ta fuska biyu. Na farko, kyamara ba saniya ba ce: ba ta haihuwa, ba ta ƙiba, kuma ranar da aka fitar da ita daga kwali darajarta ta fara sauka. Na biyu, aikin da ya rage wa mai hoto a ƙauye shi ne wanda waya ba ta yi da kyau, wato hoto mai tsabta da aka buga bisa takarda, wanda za a sa cikin firam a rataya a ɗakin amarya, ko a manna bisa takardun jarrabawa. Wanda ya sayi kyamara yana zaton duk mai biki zai biya shi don ya danna kawai, zai tarar da yara goma sun riga shi da wayoyinsu.

LISSAFI DA ALƘALAMI

A ɗauki misali, don a gane hanyar lissafin, ba don a ce haka farashi yake a kasuwa ba. A ce kyamara tana jika 150, wato sefa 150.000, in za a biya nan take. Ɗan kasuwa ya ce in bashi ne, a riƙa ba shi jika 15 kowane wata har wata 12. Jimla ta zama jika 180. Ƙarin jika 30 ke nan.

Yawancin mutane za su ce ai 30 bisa 150 kashi 20 cikin ɗari ne, ba wani abu ba. Nan ne kuskuren yake. Mai bashin bai riƙe jika 150 ɗin shekara cur ba. Tun ƙarshen watan farko ya fara mayarwa, a tsakiyar shekara ya biya kusan rabi, a wata na ƙarshe abin da ya rage hannunsa kaɗan ne. In aka daidaita, kuɗin da ya yi amfani da su tsawon shekarar sun ɗan ɗara rabi kawai. Saboda haka ainihin tsadar wannan bashi ta kai kimanin kashi 35 cikin ɗari a shekara. Don a samu abin gwadawa: a farkon 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashen da ke amfani da sefa a yammacin Afirka, waɗanda babban bankinsu shi ne BCEAO, sun sa iyaka cewa bashin banki kada ya wuce kashi 15 a shekara, na asusun ƙananan rance kuma kada ya wuce kashi 24. Ashe ƙarin da ya yi kama da ɗan ƙanƙane ya fi abin da aka yarda wa banki sau biyu da wani abu.

Yanzu a juya ga mai tari. In ya iya ajiye jika 15 kowane wata, cikin wata 10 ya haɗa jika 150, ya sayi kyamararsa, ba wanda yake binsa. Bambancinsa da mai bashi a fili yake: shi ya tsira da jika 30, wancan kuma ya riga shi riƙe kyamara da wata 10. Ma'ana, mai bashi ya sayi wata 10 na aiki a kan jika 30, jika 3 kowane wata.

To, a nan dole a faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa masu tsoron bashi daɗi ba. Idan kyamarar za ta kawo ribar da ta wuce jika 3 a wata, bayan an fitar da kuɗin takarda da tawada da mota, mai bashi ne ya ci lissafi. Wanda ya riga ya iya aikin, yana da masu kiransa, yana aron kyamarar wani yana raba riba da shi, zaman jira na wata 10 hasara ce gare shi. Ba kowane bashi ne wauta ba.

Amma akwai lamba ta biyu, kuma ita ce mai kayar da mutane. Ɗan kasuwa ba jika 3 yake jira a ƙarshen wata ba, jika 15 yake jira. Kuma yana jiransu a watan Agusta kamar yadda yake jiransu a watan Disamba.

WATAN ƊAN KASUWA DA WATAN MANOMI

Biyan wata-wata tsari ne da aka yanka daidai wuyan mai albashi. Ƙasar Dantchiao kuwa, da maƙwabtanta na gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magariya a 2011, ƙasar noma ce da kiwo, kuma kuɗinta ba su san ƙarshen wata ba. Suna zuwa da kaka, daga Oktoba, lokacin da aka ɗaure gero, aka roro wake, aka cire gyaɗa, aka kakkaɓe riɗi. A lokacin ne ake yawan aure, a lokacin ne magidanci ke iya cewa a zo a ɗauki iyalinsa hoto. Akwai kuma ranakun Salla ƙarama da babba, waɗanda ke matsowa da kwana 11 kowace shekara, da lokacin da ƴan makaranta ke haɗa takardun jarrabawa. In aka cire waɗannan, sauran shekara aikin hoto tsinta-tsinta ne. Daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma kowa yana gona, wanda ke neman tiyar gero ba ya neman mai hoto.

Saboda haka mai hoto zai iya samun jika 40 a wani wata, ya samu jika 2 a wani. In aka haɗa shekara, wataƙila ya isa biyan bashin. Amma bashin ba a shekara ake binsa ba. Wata uku na damina kaɗai jika 45 ne cikin misalinmu, kuma in bai ɓoye su tun rani ba, abin da zai biyo baya sananne ne: a sayar da akuyar uwargida, ko a ci bashin hatsi da za a biya da kaka, ko ɗan kasuwa ya aiko a karɓe kyamara bayan an riga an zuba masa rabin kuɗinta.

Magabata sun san wannan. Hukumar UNCC, wadda aka kafa a 1962 don rance da ƙungiyoyin haɗin kai, a zamaninta tana ba manoma irin gyaɗa da taki da garmar shanu bashi, amma ba ta zuwa neman kuɗinta wata-wata. Sai an kai amfanin gona kasuwa ake biya. Duk da haka ma, shekarun fari sun bar basussuka masu yawa da ba a biya ba. In bashin da aka ɗaura da kaka yana iya gagara, ina ga wanda aka ɗaura da kalandar ofis?

Shi kuwa ma'aikaci, malamin lakwal ne ko ma'aikacin lafiya ko na gidan gona, tsarin ya fi dacewa da shi, tun da kuɗinsa wata-wata suke zuwa. Sai dai shi ma ya tuna abu biyu. Waɗanda suka yi aiki cikin shekarun 1990 ba su manta da watannin da albashi ya maƙale ba, kuma mai bin bashi bai taɓa maƙalewa ba. Sa'an nan ya tambayi kansa, tsakani da Allah, ko kyamarar ta aiki ce ko ta sha'awa. In don ɗaukar yara ranar Salla ce, ba ta kawo ko dala, to duk lissafin ribar da aka yi a sama bai shafe shi ba. Jika 30 ɗin nan kuɗin gaggawa ne kawai, kuma wayar da ke aljihunsa tana iya riƙe shi har wata 10 su cika.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba a bakin kanti: kyamara ita kaɗai ba sana'a ba ce. Sai da injin buga hoto, da takardarsa, da tawadarsa, da katin ajiye hotuna, da batir na biyu don kada na farko ya mutu ana tsakar ɗaurin aure, da hanyar caji, wadda a ƙauyuka da yawa faifan hasken rana ce. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya zuba duk abin da yake da shi a kuɗin shiga, ya dawo gida da kyamara ba ya da abin sayen takarda, ya fara biyan bashi tun bai fara aiki ba. Ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa gilashin kyamara, mai gyara kuwa sai a manyan birane. Daga Magariya zuwa Damagaram kaɗai wajen kilomita 90 ne, kuma ranakun da kyamara ta yi wajen gyara ba a cire su daga bashi. Hatta hoton takardu, wanda a da shi ne abincin yau da kullum na mai hoto, ya fara raguwa: a rajistar masu zaɓe ta zamani da aka yi don zaɓen 2020, ma'aikatan rajistar ne ke ɗaukar hoton mutum nan take da na'urarsu.

TARI MA YANA DA NASA RAMI

Kada a ɗauka cewa mai tari ya kwanta bisa katifa. Kuɗin da ke cikin ɗaki suna da maƙiya: rashin lafiya, biki, baƙo, da ɗan'uwan da ba a iya ce masa babu. Mutane da yawa sun fi iya biyan bashi bisa tara kuɗi, saboda bashi yana da mai tambaya, tari kuwa ba ya da shi. Maganin wannan tsoho ne a ƙasar Hausa. Adashi yana sa wa tari mai tambaya, tun da ranar zubi ba a fashi, kuma wanda ya roƙi a ba shi kwasar farko ya samu bashi marar ƙari. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, sun nuna cewa zubin mako-mako cikin akwati mai kulle yana iya zama jari, har wasu ƙasashe da yawa suka kwaikwayi tsarin. Akwai kuma asusun da ke tafiya da ƙafa huɗu: a sayi rago da kaka, a turke shi da harawa da dusa, a sayar gab da Babbar Salla. Wannan tari ne mai ƙaruwa, ko da yake cuta tana iya shiga turke.

Babban abin lura ga mutanen bakin iyaka shi ne irin kuɗin da za a tara. A wannan yanki naira da sefa tare suke yawo, kuma wanda ya kai dabba kasuwar Maigatari ranar Alhamis da naira yake dawowa. Naira kuwa ta sha ba masu ajiya mamaki. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Najeriya ta canza launin takardun kuɗinta, ta rufe iyaka, aka bar mutane da yawa a wannan ɓangare da tsofaffin takardu a hannu. A farkon 2023 an sake shiga irin wannan ruɗani da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1.000. Daga baya, a watan Yuni na 2023, aka saki farashin naira: dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1.500 a watan Fabrairu na 2024. Kyamara kayan waje ce, farashinta yana bin dalar Amurka. Wanda ya yi wata 10 yana tara naira a wannan tsakani, ya je kasuwar Sabon Gari a Kano, ya tarar kyamara ta gudu ta bar shi. Wanda ya karɓa bashi da naira a farashi tsayayye, yana samun kuɗinsa da sefa, shi ne ya yi dariya. Ita sefa an ɗaure ta da kuɗin Turai tun 1999, yuro ɗaya sefa 655,957, don haka ta fi zama wuri ɗaya, ko da yake dattawa suna tune da Janairu na 1994, lokacin da aka raba darajarta biyu dare ɗaya. Ga tarin ƴan watanni dai, ajiya da sefa ta fi kwanciyar rai.

Game da addini, tambayar da ake yawan yi ita ce ko ƙarin nan riba ce haramtacciya. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duba batun a zamanta na Jidda a watan Maris na 1990. Abin da ta tsayar shi ne, ya halatta farashin ajali ya fi na hannu da hannu, muddin an yanke farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki, amma bai halatta a ƙara wa mai bashi ko dala ba don ya makara da biya. Wannan sharaɗi na biyu ya kamata mai saye ya riƙe shi da kyau, domin ta nan ne ƙaramin bashi ke zama babba. Kuma aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ta bashi ce, tana umarni da a rubuta shi a kafa shaidu.

Rubutun nan shi ne inda karatun manya ke biyan wahalarsa. Ko da boko ko da ajami, takardar ta faɗi jimlar kuɗin gaba ɗaya, ba na wata kaɗai ba, da irin kuɗin, sefa ko naira, da ranakun biya, da lambar da ke jikin kyamarar. Ta faɗi abin da zai faru in ta lalace cikin watannin farko ba da laifin mai saye ba. Ta faɗi kuma, in biya ya gagara aka mayar da kaya, nawa za a mayar wa mai saye cikin abin da ya riga ya zuba. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta yarda mai sayarwa ya riƙe mallakar kaya har a gama biya, amma sai in an rubuta haka kafin ko ranar da aka miƙa kayan. Ɗan kasuwar kirki ba ya ƙin takarda, tun da shi ma ta kare shi.

Tsakanin hanyoyin nan biyu akwai ta uku, wadda ta fi kama da rayuwar Dantchiao, kuma ƴan kasuwa da suka san mutanensu sukan saurare ta. Mutum ya tara tun daga damina, ya haɗa da abin da kaka ta ba shi, ya zuba kashi biyu cikin uku a watan Oktoba ko Nuwamba, daidai lokacin da bukukuwa ke farawa. Sauran a raba shi biyu ko uku, a ɗaura kowane biya da lokacin samu, a gama kafin ruwan farko ya sauka. Ƙarin zai ragu, tun da bashin kaɗan ne kuma gajere, ba kuwa watan damina ko ɗaya a cikinsa. Mai farawa kuma ba dole ne ya fara da sabuwa ba. Kyamara ta hannu mai lafiya tana koya aiki kamar sabuwa, a farashi mai sauƙi. Abin dubawa a jikinta shi ne yawan dannawar da ta yi, domin masana'antu kan auna wa ƙananan kyamarorin aiki dannawa wajen 100.000, kuma yawancinsu suna ajiye wannan ƙidaya a cikinsu. Mai saye ya tafi da wanda ya san aikin, a karanta lambar a gabansa, a ɗauki hoton farin bango don a ga ko akwai tabo, a buga hoto ɗaya bisa takarda, sa'an nan a zauna maganar kuɗi.